Awon Kyauta 'Yar Magatakarda

Jiya na ji ɗaya daga cikinku, ku ɗaliban da aka turo mana koyon aiki, tana cewa duk ayyukan ƙaramin asibiti babu na hutu irin awon yara. Wai a rataya yaro, a dubi sikeli, a rubuta lamba, a kira na gaba. Ban ga laifinta ba. Ni ma da wannan tunanin na shigo, shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, da fararen kaya sun sha guga da biro uku a aljihu. Kafin azahar ɗin ranar da na fara auna yara, biyu sun yi min fitsari a hannu, ɗaya ya gartsa min cizo, biro kuma saura ɗaya. To ku gyara zama ku ji daga bakin wadda aka ciza.

A Tudun Kaya na fara, a hannun Malama Asabe, Allah Ya jiƙanta. Mace ce doguwa wadda ba ta murmushi sai an yi la'asar. Kayan aikinmu ba su da yawa: sikelin rataya mai fuska kamar agogon bango, wandon awo na leda mai dogayen igiyoyi da ake saka yaro a ciki, allon awon tsawo, 'yar igiyar awon dantse mai launi uku, ja da rawaya da kore, sai katin awo da ake ba uwa ta tafi da shi gida. Sati guda cur Malama Asabe ba ta bar ni na taɓa yaro ba. Galan ɗin ruwa mai lita biyar take miƙo min kullum da safe, ta ce in rataya. In hannun sikeli bai tsaya kan biyar ba, to sikelin ne ke ƙarya, sai a gyara shi kafin a kira kowa. Na gaji na ce, "Malama, ni fa yara na zo aunawa." Ta ce, "Galan ba ya kuka, ba ya harbi, kuma ba shi da uwa. In kin iya shi ma yi maganar yara."

Da aka kai ga yaran na gane abin da take nufi. Yaro a wandon awo ba ya tsayawa. Hannun sikeli zai yi ta rawa tsakanin bakwai da tara, ke kuma sai kin kafe ido daidai tsayinsa, kin jira lokacin da yaron zai ja numfashi don ya sake tsala ihu. A wannan 'yar tsayawar ake karanta lamba. Sannan ga iyaye mata. Wata za ta kawo ɗa da layu da guru da rigar sanyi biyu a tsakiyar bazara. Akwai wadda ta cusa wa ɗanta batir ɗin tocila guda biyu a aljihu don kada maƙwabta su ji an ce ya rame. Malama Asabe ta ciro su, ta auna su daban, ta ce, "Batir ɗinki lafiyarsu ƙalau. Yanzu bari mu ga yaron." Ita ta koya min cewa awo ɗaya ba ya faɗin komai, sai an ɗiga wata bayan wata a kati, ɗigon ya zama layi, a ga ko hawa yake ko ya kwanta. Ita kuma ta hana ni faɗin nauyin yaro da ƙarfi a gaban layi.

Aikin da ya fi daɗewa a hannuna ya same ni ne bayan an mayar da ni Fulatan, a ƙasar Rogo. Wata safiyar awo, layi ya kai bakin ƙofa, sai ga wata tsohuwa ta ratso mata ta shigo rungume da dunƙulen barguna, wata mace na biye da ita a hankali. Tsohuwar ita ce Inna Kulu, mahaifiyar Malam Habibu magatakardan dagaci. Ta bayan kuma matarsa ce, Rabi. Duk garin an san shekararsu goma sha huɗu da aure ba haihuwa. Inna Kulu ta ce a rufe ƙofa. Na rufe. Ta ce a rufe taga. Na ce, "Inna, in na rufe taga da me zan ga sikelin?"

Muka gaisa, na yi musu barka. Sai ta matso ta rage murya ta ce, "Malama, wannan ba irin yaran da kika saba rataya ba ce. 'Yar kwalba ce."

Rabi ce ta yi min bayani, kanta a ƙasa. Wani asibiti suka je a birni. Likitoci suka ɗauki ƙwanta da irin mijinta suka haɗa a waje, da ya kama aka mayar mata cikin mahaifa, ta ɗauki cikinta kamar kowace mace. Sau biyu ana yi bai zauna ba, a na uku Allah Ya nufa. Kafin su je sai da Malam Habibu ya tambayi malamin da yake ɗaukar karatu a wurinsa, ya ce masa muddin na miji da matarsa ne, kuma da aure a tsakaninsu, babu laifi. Yarinyar ta zo wata guda da 'yan kwanaki kafin lokacinta. Sunanta Zainab, amma kowa Kyauta yake cewa.

Na ɓare bargo na farko, na biyu, na uku. A na huɗu na iske mutum. Ba ta kai kilo biyu ba lokacin haihuwa, in ji takardar asibitinsu, kuma ko a ranar ba ta fi 'yar kyanwa ba. Amma idonta a buɗe, tana kallona kamar ni ce na zo awo.

Zan faɗa muku gaskiya, a ranar ban san komai game da irin waɗannan yara ba. A makaranta ba a koya mana ba. Na duba kanta, na ƙirga yatsu, na duba cibiya, ina yi ina satar kallon ko zan ga wani abu daban. Ban ga komai ba sai jaririya. Da sati ya zagayo na hau mota na tafi Karaye wurin wani likita da nake jin nauyinsa, na ce, "Likita, an kawo min 'yar dashe. Akwai wani kati na daban da ake yi musu?" Ya yi dariya har da cire tabarau. Ya ce katin kowa ne katinta. Ya ce abin da aka fi gani a wurinsu shi ne zuwa da wuri ko zuwa da ƙaramin jiki, musamman in tagwaye ne, don haka a watannin farko in riƙa cire satuttukan da ta yi gaggawa in ina lissafin shekarunta. Bayan wannan, yawancinsu suna girma ne kamar sa'o'insu. Ya ce ana dai ci gaba da bibiyarsu a duniya, tunda ko waɗanda aka fara haifa ta wannan hanya ba su tsufa ba tukuna. "Ke ma ki bibiyi taki," in ji shi. "Ki auna, ki rubuta abin da kika gani, ba abin da aka gaya miki ba."

Aunawar ce ta zama rigima. Sikelin faranti na jarirai ya daɗe da lalacewa, sai dai a ƙulla zani a ƙugiyar na rataya a kwantar da jariri a ciki. Inna Kulu ta ce ko kusa. "Ki rataye ta kamar nama a rumfar mahauta? In igiyar ta tsinke fa? Wannan in ta faɗi ba karyewa za ta yi ba, fashewa za ta yi." Rabi ta ce, "Inna, sunan ne kawai kwalba." Inna ta ce, "Ke yi shiru, ba a sa wa abu suna a banza."

Sai na jawo sikelin manya, na tsayawa, wanda muke auna masu ciki. Na ce, "Shi ke nan, Inna. Ki hau da ita a hannu in auna ku tare, sannan ki miƙa wa uwarta in auna ki ke kaɗai, sai in cire." Wannan ya yi mata. Wata uku muna haka, ƙofa a rufe. Amma sikelin manya ba ya kama ƙananan giram, kuma a jaririya irin Kyauta giram ɗin ne duka labarin. A wata na huɗu na bar ƙofa a buɗe da gangan. Inna ta hau ita kaɗai, na karya dokar Malama Asabe na ce da ƙarfi, "Inna Kulu, kilo tamanin da bakwai! Masha Allah, an ƙara biyu a kan na wancan watan." Layi ya ɗauki shewa. Wata daga baya ta ce, "Ashe kunun mai jegon Inna ke shanyewa!" Inna ta sauko ba ta kalli kowa ba, ta miƙo min yarinyar ta ce, "Rataya. Amma ki ƙulla sau biyu." Ta tsaya ta tara hannuwa a ƙarƙashin zanin har na gama.

Layin Kyauta ya fara daga can ƙasan kati, amma hawa yake, kuma hawan ake nema. Nonon uwa ya karɓe ta. Alluran rigakafi kuwa kowace sai an yi shari'a, don Inna ta ce ba a san ko jinin kwalba na ɗaukar allura ba. Malam Habibu ne yake zuwa da kansa ranar allura, ya durƙusa ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, ai da allura aka same ta tun farko." Haka aka yi su duka, har ta ƙyanda. Kafin ta cika shekara ta kamo sa'o'inta a nauyi, kumatu sun fito.

Ranar da ta cika wata goma sha shida Rabi ta zo ita kaɗai, fuska ba walwala. Ta ce, "Malama, sa'o'inta duk suna gudu, ita ko rarrafe ba ta yi. A gidan suna jiya na ji ana cewa dama irinsu ƙashinsu ba ya ƙwari." Na karɓi yarinyar na kwantar. Na lanƙwasa ƙafafu, na miƙe su, na murza ƙugu, na sa tafina a tafin ƙafarta sai ta tokare ni da ƙarfi har biro ya faɗi. Na tafa a bayanta ta juyo. Na nuna mata makulli ta warce. Sai idona ya kai kan gwiwoyinta. Ku da kuke ganin aikin nan lamba ce kawai, ku ji wannan: gwiwar yarinyar sumul take kamar ƙwai. Yaron ƙauye mai wata goma sha shida, gwiwarsa sai ta yi kaushi.

Na ce, "Rabi, yaushe rabon da a ajiye ta a ƙasa?"

Ta ce, "Ba a taɓa ba. Daga bayana sai cinyar Inna, daga cinyar Inna sai kafaɗar babanta. Inna ta ce ƙasa akwai sanyi."

Na san in na aika da baki Inna ba za ta ji ba, amma tana girmama duk abin da aka rubuta a takardar asibiti. Na yago takardar magani na rubuta: "Tabarma a tsakar gida, sau uku a rana, safe da rana da yamma. Kada a ɗauka ko ta yi kuka, sai an ƙirga ɗari." Na buga hatimi. Na kuma gaya wa Rabi in an yi wata biyu ba canji, za mu tafi wurin likita a duba ta sosai. Malam Habibu ya karanta wa Inna takardar da muryar da yake karanta sammaci. An ce ranar farko Inna ta ƙirga ɗarin ne da goma-goma. Ba a yi sati uku ba Kyauta ta rarrafa ta kifar da ƙwaryar gero. Kafin wata biyu tana bin kaji. Inna ta zo da kanta ta kawo min ƙara: "Malama, maganinki ya yi yawa, a rage. Jiya a akurki muka ciro ta."

Shekarar da ba na son tunawa ita ce wadda Kyauta ta shiga ta huɗu. Ruwa ya makara, da ya zo kuma ya zo da yawa, tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. A kan wannan ƙyanda ta shigo ƙauyukan da ke kewaye da mu. Igiyar dantse da nake sawa in ga kore, sai in ja ta wuce rawaya ta tsaya a ja, yaro bayan yaro. Wandon awo ya yi wa wasu yawa har sai na tare su da hannu. Akwai katunan da iyaye mata suka dawo min da su suka ajiye a tebur ba su ce komai ba, ni ma ban tambaya ba. A shekarar nan babu wanda ya yi shewa a layi.

Ƙyanda ba ta taɓa Kyauta ba. Nan take gari ya juya magana, wai 'yan kwalba ciwo ba ya kama su, a can aka dafa su. Na yi ta faɗa har muryata ta dushe cewa allurar da aka yi mata ce, kuma ga ta nan kyauta ga kowa. Wasu suka ji suka kawo nasu. Amma sauro bai san wannan labari ba. Ana cikin damina zazzaɓi ya kama ta. Aka yi kwana uku ana jiƙe-jiƙe a gida, saboda wata magana da ta ɓullo, wai irin waɗannan yara da wa'adinsu ake yin su kamar maganin kemis, in kwanan ya cika ba abin da asibiti zai iya. Ban san wanda ya ƙirƙiro wannan ba, amma ta shiga kunnen Inna ta zauna.

Da hantsi a rana ta huɗu Rabi ta saɓo ta ba tare da ta tambayi kowa ba. Ban ma ɗauko sikeli ba. Na buɗe tafin hannunta, fari fat. Na ja fatar ido, fari. Numfashi sama-sama. Na ce, "Jini ya ƙone. A kira babanta ya zo da babur yanzu." Malam Habibu ya baro zaman sulhu a ƙofar dagaci ya zo ba hula. Ya ɗauki Rabi da yarinyar, ni na hau wani babur ɗin, muka bi hanyar da ruwa ya cinye, wani wurin sai mun sauka mun tura. Muna isa babban asibiti aka ce ƙarin jini. Aka gwada na uban, ya yi daidai, aka ɗiba.

Ana cikin ƙarin sai ga Inna Kulu, an kawo ta a motar kasuwa, zaninta duk taɓo. Ta tsaya ta dubi ledar jinin, ta bi robar da ido har hannun yarinyar. Ta ja ni gefe ta ce, "Malama, jinin wane ne wannan?"

Na ce, "Na Malam Habibu."

"Kuma yana shiga?"

"Ga shi kina gani, Inna."

"Bai dawo ba?"

"Ina zai dawo? Jikin 'yarsa ne."

Ta daɗe tana kallo. A nan na gane abin da ya yi shekara huɗu yana cin tsohuwar nan bai tsaya ga tsoron fashewa ba, har da shakkar ko yarinyar jinin ɗanta ce. Ba ta taɓa faɗa ba, ni ma ban faɗa mata na gane ba. Ni na san jinin bare ma yana iya dacewa, dacewar jini ba ita ce shaidar uba ba, amma ba ranar darasi ba ce, kuma kunnuwan Malam Habibu da ke kan yarinyar sun isa shaida. Inna ta zauna a bakin gado ta kama ƙafar jikarta. Washegari Kyauta ta buɗe ido ta ce tana son ƙosai. Inna ta ce, "Kwaɗayin gidanmu ne, wallahi. Haka ubanta yake."

Layinta ya faɗi a watan nan, ya kwanta a na gaba, a na uku ya ɗaga kai. Da ƙwai da wake da kunun gyaɗa muka dawo da shi, da gidan sauro da Inna ta riƙa ɗaurawa da hannunta. Maganar wa'adi kuma, duk wanda ya sake kawo ta, Inna ce take tare shi: "Wa'adi kowa da nasa. Kai ka ga naka a rubuce?"

Katin awo a shekara biyar yake ƙarewa. Na gaya wa Rabi an sallame su, ta ce ita ba ta sallame ni ba. Duk shekara bayan ƙaramar salla sai ta kawo ta. Na samo littafi na daban ina rubuta tsawo da nauyi, in duba ido da haƙora, in tambayi karatu. Da ta girma na ƙara da awon jini, kamar yadda zan yi wa kowa. In kuna son jin abin da ke cikin littafin nan, ba wani abin mamaki. Ta yi famfara lokacin da sa'o'inta suka yi. Ta karye a hannu tana da shekara tara, daga kan mangwaro, ƙashin ya ɗinke cikin sati shida. Lissafi ya ba ta wuya, hadda ta zo mata da sauƙi. Ta fara al'ada a shekarun da 'yan mata ke farawa. A sha biyar ta wuce uwarta tsawo, a sha shida ta wuce ni.

Abin da ya fi girma da ita shi ne baki. Mata kan zo daga nesa da sunan gaishe da Inna, alhali Kyauta suka zo gani. Wata ta taɓa latsa mata dantse tana da shekara goma, ta ce, "Ikon Allah, kamar mutum!" Kyauta ta ce, "Gwaggo, a hankali, kada ki fasa, ba a sayar da irina a Rogo." Ita ce kuma ta ba ni izinin ba ku wannan labari. Ta ce in faɗa duka, amma in cire maganar akurki. Ga shi na manta ban cire ba.

Kada ku ɗauka daga yarinya ɗaya na san komai. Bayan Kyauta an kawo min wasu irinta, ba su da yawa, yatsun hannu ɗaya sun ishe ni ƙirga su. Ɗaya yana da ciwon ƙirji da ke tashi da sanyi, kamar yadda kawunsa ke da shi. Ɗaya tana sa tabarau. Akwai tagwayen da suka zo da wuri ƙwarai, ɗaya ya rayu, ɗaya bai yi sati ba. Shi ya sa ba na yi wa kowa alkawari, kuma duk mai irin wannan ciki nake matsa mata ta riƙe awon ciki, ta haihu a inda akwai likita. Amma in an wuce wannan gaɓa ta farko, abin da na gani da idona yara ne masu tsutsar ciki da ƙin wanka da ɓatar da takalmi ɗaya.

Shekara uku da suka wuce, wata mata ta zo daga Unguwar Hajji a Karaye, da mayafi mai tsada da jaka a hannu. Ta jira har layi ya ƙare. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gida, ta tambayi aiki, ta tambayi gajiya, ta koma ta tambayi gida. Sannan ta ce ita ce Hajiya Mairo, gwaggon yaron da ke neman auren Kyauta. A lokacin Kyauta na shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai, can suka haɗu. Dangi ne suka turo ta bincike.

Ta ce, "Malama, an ce tun tana tsumma take hannunki. Tsakani da Allah, lafiyarta ƙalau?"

Na ce, "Hajiya, sirrin mai zuwa asibiti ba na bayarwa. Amma ga ta can, ki duba da kanki." Hutu ake yi, kuma daga tagar ana hango ƙofar gidan magatakarda. Kyauta na sauke buhun masara daga amalanke, tana yi wa mai amalanken faɗa wai ya cika sanyin jiki.

Hajiya ta leƙa ta ce, "Waccan mai buhun?"

"Ita."

Ta koma ta zauna. "To, za ta haihu? Ko ita ma sai an kai ta an yi dashen?"

Na ce, "Wannan ban sani ba. Shi ɗan naku zai haihu?"

Ta ce, "Ah, Allah kaɗai Ya sani."

Na ce, "To amsar guda ce. Ni abin da ya riga ya faru nake aunawa."

Na zaci za ta tashi cikin fushi. Sai ta yi ta buɗe jaka tana rufewa. Can ta dubi ƙofa, ta matso da kujera ta ce, "Malama, binciken na gama shi tun daga taga. Ni wata magana ce ta kawo ni, shi ya sa da aka ce wa zai zo na ce ni. 'Yata ta fari, shekararta tara a ɗaki. Ba inda ba mu je ba. Mijin ya yarda a gwada wannan hanya, ni ce na hana, don an ce min yaran ba sa girma." Ta sake kallon taga. Kyauta ta kinkimi buhu na biyu.

Na ce, "Hajiya, ni mai awo ce, hanyar ban san ta ba. Wadda ta bi ta sau uku tana cikin gidan can. Za ta gaya miki daɗinta da wuyarta, ba za ta rage miki komai ba." Ta gyara mayafi ta ce in raka ta. Tun azahar suka shiga ɗaki ita da Rabi, sai da aka kira la'asar suka fito, idon kowacce ya yi ja, suna dariya. Inna Kulu, wadda a lokacin ba ta iya tashi sai an kama ta, ta yi ta ƙwala mata kira daga kan tabarma: "In an samu, ku ajiye shi a ƙasa! Kada ku yi irin tawa!"

An ɗaura auren Kyauta bara, bayan ta gama makaranta. Kada ku tambaye ni ko da labari, ko shekara ba a rufa ba, ku bar yarinya ta huta.

'Yar Hajiya Mairo kuwa, a karo na biyu Allah Ya ba ta namiji. Mijinta aiki ya dawo da shi nan kusa da mu, kuma watan yaron bakwai yanzu. Gobe ranar awo ce, yana cikin waɗanda za a kawo muku. Ba zan gaya muku wanne ne ba. Ku rataya su duka ɗaya bayan ɗaya, ku duba da kyau, in an tashi ku zo ku nuna min shi.